Jan da Ya Bar Furensa

Aikin da na tsufa a kansa shi ne duba atamfa. A masaƙar da na yi aiki, ba a zuba wa yadi launukansa a lokaci ɗaya. Farin yadi yakan bi ta ƙarƙashin waɗansu manyan ƙarafa masu juyawa, waɗanda muke kira rola, kowace da nata launin. Ta farko ta aza baƙin layin da ya zana fure, ta biyu ta cika furen da ja, ta uku ta cika ganyen da kore. Idan rola ɗaya ta yi gaggawa, ko ta makara da abin da bai kai ƙiftawar ido ba, sai jan ya sauka a wajen layinsa. A nan ne muke cewa launi ya zame. Idan kuwa kowane launi ya faɗa gurbinsa, sai mu ce ya zauna. Ni ne nake tsayawa a ƙarshen inji in furta ɗaya daga cikin kalmomin nan biyu, kuma abin da na furta ba a tayar da shi.

Mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Asalin gidanmu daga gabas yake, amma a Fagge aka haife ni, kusa da tasha, inda muke jin ƙarar haɗa taragu muna cikin ɗaki. Ya sa ni makarantar mishan a Sabon Gari, da yamma kuma in tafi ta allo, danginsa suka yi ta magana bai tanka ba. A makarantar nan akwai wani malami da yakan ɗaga littafin ɗalibi wajen taga, ya dubi layin gefe da aka ja da rula. In layin ya karkace, sai ya yage shafin ba tare da ya karanta abin da ke ciki ba. Shekara huɗu na yi ina ƙin mutumin nan a zuciyata, daga baya kuma na gaje halinsa kaf.

Da masaƙa ta rufe, ban rasa abin yi ba. 'Yan kasuwar Fagge masu sayar da atamfa a sari suka riƙa kawo mini kaya zaurena a Rijiyar Lemo. Zauren yana da taga ta gabas, kuma da hantsi kawai nake dubawa, domin hasken la'asar maƙaryaci ne. Sai a shimfiɗa turmin atamfa a tabarma, in durƙusa in bi shi da ido daga baki zuwa baki. A hankali maganar “Malam ya gani” ta zama kamar hatimi a layukan kasuwa. Ban tara dukiya ba, ban riƙe sarauta ba. Abin da nake da shi a garin nan shi ne an yarda da idona.

Wata safiya ina shan shayi sai jiri ya ɗebe ni, hannuna na hagu ya yi nauyi kamar na kwana a kansa. Kafin shayin ya huce abin ya wuce. Uwargida tana zaune tana tsince shinkafa, ta ɗago ta dube ni.

“Malam, lafiya?”

“Lafiya lau.”

“Lafiyar ce ta sa ka ajiye kofi a gefen faranti maimakon cikinsa?”

Na ce mata ta kula da shinkafarta. Ban gaya mata cewa na yi watanni da daina shan maganin hawan jini ba, don na ga ba na jin ciwon komai.

Bayan kwana uku wani Alhaji ya yi sallama. Ɗan wani aminina ne da ya rasu, a gabana aka raɗa masa suna, yanzu kuma yana da shago a Fagge da yake ƙoƙarin tsayar da shi da ƙafafunsa. Ya zo da wata Hajiya, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, wadda za ta aurar da autarta. Ta zaɓi atamfar anko a wurinsa don dangi da ƙawaye, amma ta ce ba za ta ɗauka ba sai na gani. Tare da ita akwai ƙannenta mata biyu. Aka shimfiɗa yadin: farar ƙasa, jajayen furanni manya, korayen ganye, baƙin layi siriri.

Na durƙusa. Abin da na gani ban taɓa ganin irinsa ba ko a ranar da injinmu ya fi lalacewa. Jan ya bar furensa ya koma kan ganye. A wani wurin furen ya zama kore, a wani wurin launin yana shawagi a farar ƙasa, layin kuma yana tsaye shi kaɗai babu komai a cikinsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na ɗauka yaron da na sani tun yana goye ne yake so ya yi amfani da sunana ya sayar da shara.

Na ce, “Ya zame.”

Alhaji ya matso ya leƙa. “Baba, a ina?”

“Ko'ina. Wannan ko tsumman goge ƙasa ban yarda a yi da shi ba.”

“Baba, don Allah a sake dubawa. Wallahi ni ban ga komai ba.”

“Da kana gani ai da ba ka kawo mini ba. Mahaifinka bai taɓa shigo mini da irin wannan ba.”

Uwar amarya ta sunkuya ta duba, ta kalli ƙannenta, su ma suka duba. Na ga alamar ba su ga abin da nake faɗa ba, amma wa zai yi musu da ni a kan atamfa? Ta miƙe ta gyara mayafinta, ta ce, “Alhaji, Allah ya sa haka ne mafi alheri.” Suka fita. Shi kuwa ya naɗe yadinsa a hankali, ya yi mini sallama cikin ladabi kamar yadda ya saba. Kafin mako ya zagayo, maganar ta gama layinsu a kasuwa, cewa Malam ya ce kayan wane na banza ne.

Ranar Juma'a na fito zan tsallaka titi a Fagge. Wata mata tana tsaye a bakin hanya da shuɗin hijabi, wani adaidaita sahu mai ruwan ɗorawa ya taho ta gabanta. Sai na ga adaidaitan shuɗi, matar kuma sanye da ruwan ɗorawa. Na tsaya cak a tsakiyar titi har direban ya leƙo ya ce, “Baba, in gajiya ka yi ai sai ka hau, ba ka tare hanya ba!” Da ya wuce na sake kallon matar, hijabinta shuɗi ne kamar yadda yake. Na ce a raina rana ce.

Da na dawo gida na tarar da uwargida tana shanya. A kan igiya akwai wani tsohon zanenta mai ruwan goro da shuɗin tsuntsu. Na tsaya ina kallonsa.

“Wa ya sayar miki da wannan? Duk ya zame.”

Ta ajiye bokiti. “Wanne?”

“Wancan mai tsuntsu.”

“Malam, zanen da ka kawo mini da kanka shekarar da muka aurar da babbar 'yarmu? Wanda ka yi kwana biyu kana duba shi kafin ka yarda in kai wa tela? Shekara nawa ina ɗaura shi a gabanka, sai yau ya zame?”

Na zauna a kan kujerar tsakar gida. Yadi ba ya zamewa a kan igiya. Abin da ya fara zo mini ba tsoron ciwo ba ne, fuskar Alhaji ce lokacin da yake naɗe kayansa.

Washegari muka tafi asibiti. Likitan ido ya haska, ya auna, ya sa na karanta haruffa har layin ƙasa, na karanta su duka. Ya ce idanuna sun fi na waɗansu samari, sa'an nan ya tura ni wurin likitar ƙwaƙwalwa. Yarinya ce da ba ta wuce sa'ar jikata ta fari ba, abin da ya sa na shiga ofishinta da shakka. Aka ɗauki hoton kaina. Bayan haka ta fito da waɗansu katuna. Ta ɗaga ɗaya mai hoton tsuntsu ta sauke da sauri.

“Baba, me ka gani?”

“Jan tsuntsu.”

Ta ɗaga wani. Na ce koren kifi, ta ce daidai. Sai ta ɗaga wani mai ɗauke da hotuna biyu tare, ta sauke.

“Koren tsuntsu da jan kifi,” na ce, ba tare da wata tantama ba.

Ta miƙo mini katin. Tsuntsun ja ne, kifin kore. Muka sake har sau da yawa. In abu ɗaya ne a katin ba na kuskure, in sun zama biyu ko uku sai launukan su yi musanyar gida.

“Baba,” in ji ta, “ido kawo saƙo kawai yake yi. Ƙwaƙwalwa ce take gani, kuma ba wuri ɗaya ne yake aikin ba. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin halitta da suka fi kula da launi. Akwai waɗanda gefen abu da siffarsa suke bi. Akwai masu lura da motsi. Kowane rukuni da inda yake zaune.”

Na ce, “In haka ne, wa yake gaya wa jan cewa na tsuntsu ne, ba na kifi ba?”

Ta ajiye biro ta dube ni sosai. “Tambayar da masana suka daɗe suna fama da ita ke nan. Ga amsa ɗaya da ake da hujjoji a kanta. Ƙwayoyin nan da ɗan tartsatsin lantarki suke magana da juna, kuma ba barkatai suke yinsa ba. Yana tashi yana sauka, bugu bayan bugu, sau da yawa a cikin sakan guda. Waɗanda suke kallon abu ɗaya sukan daidaita bugunsu. Masu ganin ja da masu ganin siffar tsuntsu sai su hau bugu ɗaya, masu kore da masu kifi su hau nasu. Abin da ya buga tare, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauke shi abu guda.”

Uwargida, wadda ta rako ni, ta ce, “Wato lugude ke nan.”

“Na'am, Inna?”

“Ke 'yar birni ce, injin niƙa kika sani. A garinmu mata uku sukan haɗu su yi daka wuri ɗaya. In kina bayan katanga ba za ki ce mutum uku ne ba, kiɗa ɗaya za ki ji. In maƙwabta ma suna nasu dakan, kunnenki zai raba miki na gidan nan da na gidan can, don kowanne da tafiyarsa. Amma bari ɗaya ta ɓata ƙafa, taɓare su gwabzu, hatsi ya watse a ƙasa, kaji su samu biki.”

Likita ta yi dariya har ta dafe tebur. “Wallahi Inna, da ke kika koyar da mu da mun huta da haddar dole.”

Na ce, “Misalin bai cika ba. A lugude taɓare ba tare suke sauka ba, bi da bi ne.”

“Kin ji shi ko?” in ji uwargida. “Ko a gadon asibiti sai ya yi wa mutum maki.”

Likita ta ce ina da gaskiya, amma abin lura shi ne kowace ta san lokacinta a cikin kiɗa guda. Sa'an nan ta ƙara da maganar da ta sa na fara girmama ta. Ta ce ba dukan masana ne suka yarda cewa bugun shi ne igiyar da take ɗaure launi da siffa ba, ana kan bincike, kuma ita ba za ta iya nuna mini a hoton kaina cewa ga inda bugun nawa ya ɓace ba. Abin da hoton ya nuna shi ne wata ƙaramar jijiyar jini ta toshe a sashen da yake taimaka wa mutum ya tsayar da hankalinsa a wuri ɗaya. An kuma lura, in ji ta, cewa idan mutum ya tsayar da hankali a kan abu, ƙwayoyin da suke kallon abin sukan ƙara daidaita bugunsu. Mutumin da ya san iyakar saninsa ya kuma faɗe ta, ko yaro ne, ina saurarensa.

Ni kam na fahimci zancen ta hanyar da na sani. Shekaru ina tsaye a ƙarshen inji ina hukunta rolar da ta makara, ban taɓa tunanin cewa a cikin kaina ma launi da layi daban suke tahowa, sai an haɗa su a kan lokaci ba.

“Zai dawo?” na tambaye ta.

“Ba zan yi maka alkawari ba, Baba. Sau da yawa ƙwaƙwalwa takan nemi wata hanya, wani ya samu sauƙi sosai, wani kaɗan. Ka sha maganinka kullum, ba ranar da ka ga dama ba. Kuma ka rage wa idonka cunkoso. Abu ɗaya a lokaci ɗaya.”

Da muka koma gida na nemi kwalin sabulu, na ɗauko rula da reza, na yanke masa taga a tsakiya, faɗinta bai wuce na tsohon sule ba. Na ɗora shi a kan zanen uwargida yadda tsuntsu ɗaya kawai zai leƙo. Na jira. Shuɗin ya yi ɗan rawa, sa'an nan ya shiga cikin layinsa ya tsaya. Na matsar da kwalin zuwa tsuntsu na gaba, shi ma haka. Na ɗauke kwalin gaba ɗaya, sai komai ya sake watsewa. Na mayar, ya dawo. Na yi wannan har aka kira azahar.

Washegari na sa babbar riga na tafi Fagge. Da gangan na zaɓi lokacin da kasuwa ta cika, domin maganar da ta ɓata sunan Alhaji ba a ɓoye ta yi yawo ba. Tafiyar ta yi mini wuya. Layin atamfa wuri ne da launi ya yi yawa, a ranar kuwa duk sun sauko daga kan kayansu suna yawo a iska. Na kafa idona a ƙeyar wani ɗan dako, na bi shi har ƙofar shagon.

Alhaji ya taso da sauri. “Baba, ai da ka aiko an kira ni.”

Na ƙi zama. Na ɗaga murya yadda maƙwabtansa za su ji. “Atamfar da ka kawo mini ran nan, ban duba ta da lafiyayyen gani ba. Ciwo ne ya same ni a ka, ni kuma na ɓoye shi, na ɗora wa kayanka. Na kuma ambaci mahaifinka a inda bai kamata ba. Na zalunce ka. Ka yafe mini.”

Can wani dattijo mai shago a gefe, wanda muka daɗe muna tsokanar juna, ya ce, “Ikon Allah! Ashe injin dubawar ma yana zamewa?” Aka fashe da dariya. Ni ban yi ba, amma ban ji haushin da na zaci zan ji ba.

Alhaji ya sunkuyar da kai. “Baba, ni na yafe tun a ranar. Sai dai Hajiya ba ta ɗaga wayata, biki kuma saura mako uku.”

“Ɗauko turmi uku daga wurare daban a cikin dilar. Mu tafi.”

Uwar amarya ta karɓe mu a falonta, ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Sa'an nan ta cire tabarau ta riƙe a hannu, irin riƙon da shugabannin makaranta suke yi in za su yi wa ɗalibi tambayar da ba shi da amsarta.

“Malam, Allah ya ba ka lafiya. Amma ran nan ka ce ya zame, na yarda. Yau ka ce ya zauna. Wane Malam zan bi a cikin biyun?”

“Kada ki bi ko ɗaya, Hajiya. Ga kwali. Ke za ki duba.”

Na nuna mata abin da ban taɓa koya wa kowa a wajen masaƙa ba. Na ce ta ɗora tagar a kan tsinin fure, inda layi ya fi siranta. In launi ya zame, za ta ga farin gibi a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma jan ya haura layi. Ta duba a farkon yadi, da tsakiya, da ƙarshe. Ta mayar da tabarau, ta sauko ƙasa da kanta duk da ciwon gwiwa, ta bi turmi ukun ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe. Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa yana murza hularsa.

“To,” in ji ta, tana miƙewa da ƙyar, “ni dai ban ga gibi ba. Alhaji, a kawo kayan yau ɗin nan, teloli sun ishe ni da waya. Kai kuma Malam, wannan kwalin na riƙe shi.”

Sai da na sake yanka wani.

Sunan Alhaji ya wanku, amma zaurena ya zama kango. Ba wanda ya ƙara kawo mini yadi, kuma ban ga laifinsu ba, domin ni ma da a matsayinsu nake ba zan kawo ba. Kowace safiya da hantsi nakan shimfiɗa ɗaya daga cikin zannuwan uwargida in durƙusa da kwalina, kamar mai jiran baƙi. Ita kuma takan ajiye mini ƙwayar magani a kan murfin kofi, ta tsaya sai ta ga na haɗiye. Bayan wata guda na faɗaɗa tagar ta kai girman ƙwai, fure biyu suka zauna tare. Akwai makon da abin ya koma baya har na jefar da kwalin a bayan ƙofa, uwargida ta ɗauko ta ajiye mini a kan tabarma. Da damina ta tsaya sosai, tagar ta kai faɗin tafin hannu. A wurin likita kuma na fara cin katuna masu hoto biyu, wani lokaci har masu uku. Ta ce kada in yi alfahari, na ce ba a yi wa mutum maki sa'an nan a hana shi duba sakamakonsa.

Wata Laraba Alhaji ya yi sallama, riƙe da turmi biyu masu zane iri ɗaya: ƙasa ruwan toka, ganye kore, 'ya'yan itace ruwan lemo.

“Baba, ba wai gwaji ba ne. Kawai na ce bari in biyo.”

“Gwaji ne, kuma daidai ka yi. Shimfiɗa.”

Na fara da kwali. Na bi na farko daga baki zuwa baki, ban ga komai ba. Na koma na biyu. A ganye na huɗu na ga kamar koren ya sauka ƙasa da layinsa da kaurin zare ɗaya. Ta ina zan san ko yadin ne, ko kuwa kaina ne ya sake yi mini irin ta ran nan? In na ce ya zame alhali ya zauna, na gama da aikin nan har abada. In kuma na yi shiru don tsoro, to zamana a zauren ba shi da amfani.

Na zauna a kan dugadugaina na yi tunani. A watannin nan na san halin ciwona kamar yadda na san halin injinmu na dā. Zamewar da take fitowa daga kaina ba ta da alƙibla, yanzu tana nan, an jima tana can. Ta rola kuwa gefe ɗaya take bi, kuma tana maimaita kanta a kowane zagaye. Na duba ganye na takwas, da na goma sha biyu. Gibin yana nan a sama, koren ya haura ta ƙasa. Sa'an nan na kama yadin na juya shi, kansa ya koma wajen ƙafafuna. Na sake ɗora kwalin. Gibin ya koma ƙasa, ya juya tare da yadin.

Na ɗauke kwalin na ajiye a gefe, na dubi yadin da ido tsirara. Ganyen suka ɗan motsa, na jira su, suka tsaya. Lemon yana cikin 'ya'yansa, tokar tana ƙasa, ga kuma siririn farin gibin nan yana bin layi har ƙarshen tabarma.

“Na farko ya zauna. Na biyu koren ya zame, da kaurin zare, ta gefe ɗaya.”

Alhaji ya sauke numfashi, ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce na biyun daga dilar da wani maƙwabcinsa ya karɓa ne. Wata mai sayayya ta ce ganyen bai yi mata daidai a ido ba amma ta kasa nuna wurin, wanda ya kawo kayan kuma ya rantse lafiyarsu lau. Mutum biyar suka duba a kasuwa, uku suka ce akwai wani abu, biyu suka ce babu. A ƙarshe dattijon nan mai tsokana ne ya ce a haɗa da mai kyau a kawo mini, kada a gaya mini komai.

Na nuna masa gibin ta cikin tagar, na sa shi ya juya yadin da hannunsa har ya gani da kansa.

“Baba, akwai wasu dila uku da suke jira. Sun ce in ji ta bakinka tukuna.”

Uwargida ta leƙo daga soro na ciki. “Likita ta ce kada ya gajiyar da kansa.”

“Na ji abin da ta ce, ina wurin.” Na juya ga Alhaji. “Ka gaya musu turmi biyu a rana, ba ƙari. Da hantsi, kafin rana ta bar tagar nan. Kuma duk wanda ya kawo kaya zai durƙusa tare da ni ya ga abin da na gani kafin ya fita. Wanda ba shi da lokacin wannan ya kai wani wuri.”

“Gobe in fara kawowa?”

“Gobe ina da asibiti. Jibi.”